Fasinjar Baba Direba

"Ku daina ɗaga ni kamar buhun siminti," in ji Baba Direba. "Lodi ma da ladabi ake yin sa."

Muna ƙofar gidansu ne da sassafe, ni da Auta, ɗansa na ƙarshe, muna fama mu shigar da shi bayan ƙaramar mota. Auta ya riƙe kafaɗu, ni na riƙe ƙafafu. Wallahi da ma buhun simintin ne, da hankalina ya fi kwanciya. Mutumin da a da in ya taka dakalin shagona sai allurai sun motsa a gwangwani, yau ga shi a hannuna ba nauyin komai. Inna, matarsa, tana tsaye a gefe da matasan kai biyu da flas ɗin shayi, tana ta jaddada mana mu kula da kansa kada ya bugi ƙofa.

Auta ya sake gwada sa'arsa. Ya tuna wa uban cewa likita ya hana shi ko da zama mai tsawo, balle tafiyar rabin yini.

"Likita cewa ya yi in kwanta," in ji tsohon. "To ai a kwance zan tafi. Ta da mota."

Ni ce telar layinmu, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu. Tun da aka kawo ni unguwar na same su a nan. A lokacin Baba Direba yana jan tirelar wani kamfani, irin doguwar nan da in ta shigo layi sai kowa ya kwashe yaransa da kajinsa. In ya dawo daga tafiya, daidai tagar shagona yake ajiye ta, ya tare mini haske, in koma zura zare a allura da lalube. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, daga can saman kujerarsa yana hango tsakar gidan kowa ta kan katanga. Kafin ma ya kashe inji sai ka ji ya leƙo yana cewa, Tela, zaninki ya faɗo daga igiya, ga akuya can tana shawara da shi. Na kai ƙararsa wajen Inna ba sau ɗaya ba. Sai ta yi dariya ta ce in yi haƙuri, ita ma ta haka ya fara ganinta, ta kan katangar gidan mahaifinta, tana shara ba ta san da shi ba.

Amma da yamma, in ya yi wanka ya fito, duk haushin sai ya wuce. Yana da wata tsohuwar kujerar gaban mota, doguwa, da ya cire daga motar da ya fara tuƙawa, ya jingine ta a bangon ƙofar gida. Fatarta duk ta tsage, ni na sha yi mata faci da ƙyallayen da suka rage mini. A gefe ɗaya yake zama kullum, gefen direba, har wurin ya lotsa daidai jikinsa. A nan yake buɗe mana duniya.

Ya ba mu labarin bakin teku inda jiragen ruwa suka fi gidan bene tsawo, ruwan kuma ba shi da ɗaya gefen. Ya ba mu labarin wata hanya a kan duwatsu da ya bi har ya wuce gajimare, ya leƙa ƙasa ya ga ana ruwa a ƙarƙashinsa shi yana cikin rana. Akwai wani fili fari fat na gishiri da ya ce in ka tsaya a tsakiyarsa ba ka sanin inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. Akwai inda kogi ke faɗowa daga kan dutse, tun ba ka gan shi ba feshinsa ya jiƙa maka gilashin gaba. Ni kuwa da ban taɓa wuce garin kakannina ba, ina daga cikin shago ina taka keke ina jefa masa magana.

"Baba Direba, a dai rage gishiri."

"Ke dai ɗinka abinki," yakan ce. "Wanda bai je ba shi ke cewa ƙarya ne."

Duk wanda ya tambaye shi wuri mafi kyau da ya taɓa gani, kuma kowane baƙo sai ya tambaya, ba teku yake cewa ba, ba duwatsun ba. Sai ya rage murya ya ce yana nan kusa, tafiyar rabin yini. Akwai wani dogon hawa bayan wata gada. In mota ta ɗauki hawan, ta kai kwana ta biyu, sai ka duba gefen fasinja. Kwari ne a ƙasa, da tafki a tsakiyarsa, da ɗan tsibiri mai bishiya ɗaya, fararen tsuntsaye sun rufe ta. Bai san sunan wurin ba, bai taɓa tambaya ba. Ya ce ganin ba ya wuce ka ja numfashi ka sauke, sai hanya ta juya ta ɗauke maka shi. Daga nan sai ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, ya ce wata rana zai kai fasinjarsa ta gani.

Fasinjar ita ce Inna. Haka yake kiranta tun suna da ƙuruciya, fasinjar da ba ta taɓa hawa ba. Kamfani ya hana ɗaukar kowa a gaba. Da ya so ya karya dokar, goyo ya hana. Da yara suka tasa, sai jinyar mahaifiyarsa ta zo ta zauna shekaru. Da wannan ta wuce, sai yanar ido ta fara rufe masa gani, kamfani ya karɓi makullinsa ya sallame shi. Alkawarin ya tsufa tare da su, har ya zama abin tsokana a layi. In Inna ta fito da mayafi za ta kasuwa, sai mata su ce, Fasinja, yau ne tafiyar? Tana dariya tare da su. Amma kujerar nan ta ƙofar gida, ban taɓa ganin ta zauna a kanta ba. Ko Baba Direba ya buga gefensa ya ce ta zo ga wuri, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta ce ita ba ta hawa motar da ba ta tafiya. Da wasa take faɗa, amma ni mace ce, na san irin wasan.

Ciwon ya kwantar da shi ne bayan damina. Tun ana zuwa asibiti ana dawowa, har likita ya ja Auta gefe ya ce a mai da shi gida a ba shi abin da yake so. Auta yaron kirki ne, shagon magani yake tsaro, shi ke ba shi ƙwayoyin rage zafi a kan lokaci. Ƙwayoyin nan wani lokaci sukan juya masa kai. Yau zai kira Auta da sunan wani ƙaninsa, shi tsohon, da ya daɗe da rasuwa, gobe ya ce a duba masa iskar taya. Sai wata rana da rana tsaka, ina taya Inna wanke kwanuka, muka ji ya kira ta da murya garau, irin ta da. Ya ce shi fa bai taɓa karɓar kaya ya kasa kai su inda aka ce ba, ba kuma zai fara da ita ba. A nemo mota.

Auta ya ƙi, yayyensa da ke nesa suka ƙi ta waya. Inna ta bari sai da kowa ya gama. Sannan ta ce, in a ɗakin nan zai mutu da maganar a bakinsa, gara ya mutu a hanya, ai can ne ya fi sani. Ta juyo ta ce ni ma zan bi su, don gwiwoyinta ba sa ɗaukarta ita kaɗai. Na rufe shago da ɗinkin mutane a ciki, na ce masu kaya su yi ta zagina.

Haka muka kama hanya. Auta yana tuƙi, ni a gefensa, Inna a baya ta ɗora kan mijinta a cinyarta. Idanunsa a rufe suke, ko ya buɗe ma ba abin da yake gani sai haske da duhu. Amma kada ka ce bai san inda muke ba. Da bayansa yake karanta hanya. Zai ce Auta ya rage gudu akwai kwana, sai ga kwanar. Zai ce nan gaba kwalta za ta canza murya, sai kuwa ka ji taya ta sauya kuka. Ya yi wa Auta faɗa a kan yadda yake taka birki kamar mai kashe kyankyaso. Sau ɗaya kawai ya kuskure, ya ce za mu wuce kasuwar 'yan katako, muka tarar da gidan mai a wurin. Auta ya kalle ni ta gefen ido, ni ma na kalle shi, muka wuce.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka hau gadar. Ƙarfen tsakiyarta ya yi ƙara a ƙarƙashinmu, tsohon ya buɗe ido. A gindin hawan akwai fili inda manyan motoci ke tsayawa su huce kafin su ɗauki tudu, da rumfar mai shayi. Muka wuce su. Ƙaramar motar ta haye kamar ba hawa ba, kwana ta farko, sai ta biyu.

"Nan ne," in ji shi. "Tsaya. Fasinja, duba gefenki."

Auta ya gangara gefen hanya ya tsaya. Muka fito, na kama hannun Inna. Muka duba.

Ba komai. Inda aka datse tudu aka fitar da hanya, an bar bangon jar ƙasa a gefe, ya fi tsawon mutum, da busasshiyar ciyawa da ƙaya a samansa. Ya miƙe tun daga kwanar har inda ido ya tsaya. A gindinsa kwalaben roba ne da yagaggiyar taya. Na duba gaba, na duba baya, na ma duba ɗaya gefen ko ya rikita hagu da dama, can ma dutse ne. Na ji kunya kamar ni na yi alkawarin.

Auta ya matso kusa da mu, idonsa ya kawo ruwa. Ya yi ƙasa da murya ya ce maganin ne, tun farko abin da ya ji tsoro ke nan. Ko wurin yana wata hanyar daban, ko kuma da ma can labari ne irin na direbobi. Ya roƙi uwar ta ce masa ta gani, tunda ba gani yake yi ba, a rabu lafiya a koma gida. Ni ma, Allah ya sani, bakina ya riga ya fara haɗa kalmomin. Tsuntsaye nawa ne ba zan iya ƙirƙira ba?

Daga cikin mota muka ji muryarsa. "Kin gani?"

Inna ta saki hannuna ta je bakin ƙofar. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, ban ga komai ba sai jar ƙasa."

Ya ce a duba da kyau, kwana ta biyu ce bayan gada. Ta ce nan muke, kuma bango ne. Na ga hannunsa yana lalubar gefen kujera kamar mai neman abin da ya faɗi. Duk ciwon da ya sha, ban taɓa ganin fuskarsa ta yi irin wannan faɗawar ba.

"Ashe ƙarya na yi ta yi miki," ya ce a hankali. "To ni me na yi ta gani?"

Muna nan tsaye cirko-cirko, sai ga wata tirela ta taso daga ƙasa, da lodi har sama, tana nishi tana jan jiki, tafiyar da ko ni da ƙafa zan iya jerawa da ita. Muka manne da motarmu don ta wuce. Ni ina toshe hanci saboda hayaƙi. Inna kuwa ta ɗaga kai tana bin ta da kallo, sai na ji ta damƙe mini hannu.

"Tela, dubi inda direban can yake kallo."

Na duba. Mutumin bai ko lura da mu ba, mu da muke tsaye a bakin hanya da mara lafiya. Ya karkata kansa yana kallon gefen fasinja, ta saman bangon, har motar ta sha kwana.

Inna ta sunkuya ta leƙa cikin mota. "Malam, in ka zo wurin nan, sauka kake yi ka kalla?"

"Wa ke tsayawa da lodi a tsakiyar hawa?" ya ce, har da ɗan fushinsa na sana'a. "In ka tsaya ai ba ka kuma tashi. Ko sau ɗaya ban taɓa taka ƙasar wurin nan ba."

"To shi ya sa," in ji Inna. "Katanga ce. Kai kuma ka saba leƙa ta kan katanga."

Sai da maganar ta ɗan zauna sannan ya gane. Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, Auta ya ruga ya tallafe shi. Shekara da shekaru mutumin nan yana wuce wurin daga saman kujerar da ta fi rufin ɗaki tsawo, bai taɓa kawowa a ransa cewa na ƙasa ba ya ganin abin da yake gani ba. Auta ya ce bari ya lallaɓa ya hau bangon ya ɗauko mata hoto a waya. Inna ta tambaye shi ko hoto aka yi mata alkawari. Ta ce ya juya mota mu koma gindin hawa.

A filin nan muka tarar da motoci uku suna hucewa. Auta ya je rumfar mai shayi yana ta kame-kame, bai san ta inda zai fara ba. Na ga abin zai ja lokaci, na bi shi na zayyana musu komai da bakina, da ma ba a san ni da ƙarancin magana ba. Biyu suka ce kamfaninsu ya hana ɗaukar fasinja, kuma ban ga laifinsu ba. Na ukun, wani mai furfura a gemu, ya ajiye kofinsa, ya taso ya zo wajen motarmu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaida Baba Direba kamar ya ga mahaifinsa, alhali bai taɓa ganinsa ba. Tsohon ya tambaye shi me ya ɗauko, ya ce taki. Ya tambaye shi lafiyar birkinsa, ya ce lafiya lau.

"Fasinjata ce," in ji Baba Direba. "Ba ta taɓa hawa ba. A bi da ita a hankali."

"Baba, da lodin nan ko na so gudu ba hali."

Shi tsohon ba yadda za a yi a ɗaga shi zuwa can sama, shi ma bai nema ba. Aka shirya Auta zai biyo mu a baya da shi. Saura hawan Inna. Matar da dakalin shagona ke gagara, yau ga ta a gaban matakalar ƙarfe da ta kai mata ƙirji. Direban ya hau ya miƙo hannu yana ja, ni ina turawa daga ƙasa da kafaɗa, mai shayi ya kawo benci aka taka. Takalminta ɗaya ya faɗo mini a ka. Tana ta salati tana cewa mu bi a hankali kada mu raba ta biyu. Da ta zauna, ta gyara mayafinta, ta dafa ƙofar, sai ta leƙo ta kalle ni daga sama ta ce ashe haka yake ganinmu, 'yan mitsi-mitsi. Na zagaya ta ƙofar direba na haye na zauna a tsakiya, na bar mata taga.

Motar ta ɗauki hawa. Kujerar tana rawa a ƙarƙashinmu, injin yana ruri har cikin haƙorana. Direban bai ce mana komai game da wurin ba, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. In muka je nan ma ba komai fa? Muka sha kwana ta farko. Bangon jar ƙasar ya fara daga gefen Inna, amma yanzu samansa muke kallo, ciyawar tana wucewa daidai ƙasan taga. Direban ya sauya giya, motar ta ƙara rage tafiya, ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Sai ƙasa ta buɗe.

Ni ba mai iya kwatance ba ce, aikina awo da yanka. Kwarin ya gangara can ƙasa, kore shar, duk da ko'ina a sama ya bushe. Tafkin yana kwance a tsakiya, ruwansa ya ɗauki sama gaba ɗaya da gajimarenta, har ka rasa wanne ne na gaske. Ga tsibirin, ga bishiyar, ta yi fari da tsuntsaye kamar an shanya mata kaya. Muna kallo wasu suka tashi, suka yi layi a kan ruwan, inuwarsu tana bin su ta ƙasa. A can gefe akwai wani ɗan gida shi kaɗai, da kwalekwale a ɗaure, da igiyar shanya. Inna ta matsa jikin taga. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashi, bakinta yana motsi. Ni kuwa da na zo rakiya, hawaye ne ya hana ni ganin ƙarshensa. Kafin in goge ido hanya ta juya, bango ya dawo.

Direban ya kunna rediyonsa. Ya ce duk wanda ke bin hanyar nan da babbar mota ya san wurin, kuma ko mutum da wa yake hira, in an zo nan sai a yi shiru. Shi ma bai san sunansa ba.

A saman tudu akwai fili, ya tsaya, aka sauko da Inna da irin wahalar da aka hau da ita. Ta rasa da bakin da za ta gode masa, ta yi ta sa masa albarka har ya ji kunya ya gudu cikin motarsa. Auta ya tsaya a bayanmu, fuskarsa jiƙe. Daga baya ya faɗa mini cewa tun da muka fara hawa uban ya ce a sauke gilashi, ya kasa kunne yana bin kukan injin da ke gabansu. Da ya ji an sauya giya, sai ya ɗaga yatsa ya ce, yanzu. Yanzu take gani.

Inna ta shiga baya ta mai da kansa cinyarta. Bai tambaye ta ba, jira ya yi.

"Na gani, Malam," ta ce. "Ka kawo ni."

Sai ta fara ba shi labari. Mutumin da ya shekara yana ba mu labarin duniya, yau ya yi lamo yana sauraro kamar yaro. Ta faɗa masa launin ruwan, ta faɗa masa yadda tsuntsayen suka tashi. Ya tambaya ko bishiyar tana nan, ta ce tana nan, ta ma fi yadda ya faɗa girma. Ta ce amma bai taɓa gaya mata akwai gida a bakin ruwan ba, har da wanki a igiya.

"Na gani," ya ce. "Tela ce ta hana ni maganar wankin mutane."

Na leƙa ta taga ina dariya ina share hanci. Na ce, "Baba Direba, na janye maganata. Ashe gishirin ma bai ji ba."

Ya ce a rubuta a ajiye, yau Tela ta sallama. Ya sha shayi kurɓi biyu daga hannun Inna, abin da ya kwana biyu bai yi ba. A hanyar dawowa bai gyara wa Auta tuƙi ko sau ɗaya ba, barci ya yi.

Bai daɗe ba bayan nan. Kwanakin da suka rage, kullum sai ya sa ta maimaita masa, ina jiyo muryarta ta kan katanga in na tsayar da keke. In ta tsallake wani abu sai ya ce ta koma baya, ta manta kwalekwalen. Wata rana da la'asar ina tsakiyar ɗinka hannun riga, sai na ga inuwa a tagata. Inna ce, ba mayafi, hannunta a kan ƙarfen tagar.

"Tela, tsayar da keken nan ki zo."

Na tarar da shi kwance yadda ta gyara shi, fuskarsa a sake. Ta ce tana cikin labarin ne, ta kai inda tsuntsaye suka tashi, ta jira ya ce ta ci gaba bai ce ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na yi kuka sosai, amma ba irin kukan da ke cin rai ba. Na gode wa Allah da ya haɗa ni katanga da mutumin nan. Ya tare mini haske shekaru, ya sa mini ido a wanki, sannan a ƙarshe ya sa ni, da ban taɓa zuwa ko'ina ba, na ga wurin da har gobe in na rufe ido yana nan. Na kuma gode da Inna ta fi ni da Auta ƙarfin zuciya, ta ƙi yi masa ƙaryar da muka so yi masa don tausayi.

Da baƙi suka watse, gida ya koma shiru, Auta ya zo ya ce yana so ya kwashe tsohuwar kujerar nan daga ƙofar gida, ta zama tarkace, ruwa da rana sun gama da ita. Inna ta ce ya bar ta inda take.

Jiya da yamma na fito zubar da ƙyallaye, sai na gan ta. Ta fito da flas ɗinta, ta wuce kujerarta 'yar tsugunno, ta zauna a kan doguwar, can ƙarshe, gefen fasinja. Ɗaya gefen yana nan da lotsawarsa, ba ta taɓa shi ba. Ta ɗora gwiwar hannunta a kan hannun kujerar kamar mai jingina da taga, tana kallon bakin layi. Can kan babban titi wata tirela tana wucewa a hankali, Inna ta bi ta da ido har ta ɓace.